Hasumiyar Dinya da Shagon Littattafan Gwanjo a Xi'an

Ƙanwata ce sanadin zuwana birnin Xi'an. Da zan tafi ƙasar Sin sayayya, sai ta ɗaure ni da alkawarin cewa ba zan dawo gida ba sai na sa ɗanta a ido, wanda yake karatun injiniya a wata jami'a a can, kuma shekara uku ke nan bai zo hutu ba. Saboda haka da na gama abin da ya kai ni Guangzhou, aka ɗaure kaya aka miƙa wa masu jigila, sai na hau jirgin ƙasan nan nasu mai gudun tsiya, muka nausa arewa na kusan awa takwas. Na baro ɗumi na sauka cikin sanyin ƙarshen watan Nuwamba, ga hazo ya lulluɓe garin kamar tsakiyar hunturu a Kano. Shi'an ake faɗin sunan garin, ko da yake da harafin X suke rubuta shi.

Yaron ya tarye ni a tasha, muka gaisa, na isar masa da saƙon mahaifiyarsa na kilishi da yaji. Da dare ya ce mini: “Kawu, gobe sai mu je ka ga sojojin yumɓu, gumakan sojojin dā da aka tono daga ƙasa, don duk baƙon da ya zo garin nan can ake fara kai shi.” Na ce masa na gode, amma ni hasumiyar da ya taɓa ba ni labari a waya nake son gani, wadda ya ce an gina ta ne don ajiyar littattafai. Ya yi mamakin ban manta da maganar ba. Dalilin da ya sa ban manta ba kuwa shi ne mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar gafaka tara cike da littattafan da ya kwafa da hannunsa da waɗanda ya gada daga malamansa, muka bar su a soro muna cewa gobe za mu gyara musu wuri, har wata damina rufin ya yi yoyo, gara ta ƙarasa abin da ruwa ya rage. Gafaka biyu kawai muka tsira da su. Tun daga ranar, duk inda na ji an ce wani ya yi wa littafi tanadi, sai zuciyata ta karkata can.

Da hantsi muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka a tashar da ke ɗauke da sunan hasumiyar, Dayanta, wato Babbar Hasumiyar Dinya. Muna fitowa sai ga wani makeken fili mai maɓuɓɓugan ruwa da ake kunna wa kiɗa a wasu lokuta na rana, ga 'yan mata sanye da tufafin dā na haya suna ɗaukar hoto. A ƙarshen filin hasumiyar take tsaye cikin hazo, mai kusurwa huɗu, launinta launin ƙasa, hawa bakwai, kowane hawa ya fi na ƙasansa tsukewa. Babu zane ko ado mai ɗaukar ido a jikinta. Tsawonta ya kai mita 64, wato kusan ninki huɗu na Hasumiyar Gobarau ta Katsina, kuma abin da ya fara zo mini a rai shi ne wanda ya yi wannan gini ƙarfi yake nema. Muka zagaya ta kudu, inda ƙofar shiga take. A nan ne aka kafa mutum-mutumin tagulla na mutumin da ya sa aka gina ta, riƙe da sandar tafiya, wani malamin addinin Buddha mai suna Xuanzang.

Hasumiyar tana cikin harabar wani gidan ibada da ake kira Da Ci'en, wanda yarima mai jiran gado na daular Tang ya gina a shekarar 648 don tunawa da mahaifiyarsa da ta rasu, kuma ma'anar sunan ta shafi jinƙai da alherin uwa. A lokacin sunan garin Chang'an, shi ne fadar daular, mutanensa sun kai kimanin miliyan ɗaya a lokacin da yake ganiyarsa, kuma nan ne ayarin fatake masu bin hanyar siliki suke sauke kaya. Abin da ya rage na gidan ibadar a yau ɗan yanki ne na yadda yake a dā, amma har yanzu ana ibada a cikinsa. Mun wuce tsakanin ɗakin ƙararrawa da ɗakin ganga, muka tarar da wata babbar tukunyar ƙarfe cike da toka, mutane suna kunna tsinken turare uku uku suna sunkuyawa kafin su soka su a ciki. Ni Musulmi ne, ban kunna turare ba, ban sunkuya wa komai ba, kuma babu wanda ya nemi in yi. Na tsaya daga gefe na rage murya kamar yadda nake son baƙo ya yi idan ya shigo harabar masallacinmu. Wata tsohuwa ta daɗe a durƙushe a bakin babban zauren, leɓunanta suna motsi, jikarta tana riƙe mata jaka. Na kau da kai na bar ta da abin da ya kawo ta.

Labarin Xuanzang ya cancanci a tsaya a kansa. Yana saurayi ya karanci littattafan addininsa a wurin malamai daban daban, ya tarar da fassarorin da ke hannun Sinawa suna saɓa wa juna, wasu ma guntaye ne, sai ya ƙudura cewa zai je Indiya, inda addinin ya samo asali, ya ga littattafan a harshensu na Sanskrit. Hukuma ta hana fita daga ƙasar a lokacin, don haka ya sulale ba da izini ba wajen shekarar 629. Ya ratsa hamada, inda salkar ruwansa ta zube ya yi kwanaki bai sha ruwa ba, ya bi ta Turfan da Kucha, ya haye duwatsun Tian Shan masu ƙanƙara, ya sauka Samarƙand, ya gangara Balkh da Bamiyan a ƙasar Afganistan ta yau, inda ya ga manyan gumakan nan da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda aka rusa a 2001. Daga nan ya shiga Indiya, ya zauna shekaru a babbar makarantar Nalanda a gaban wani tsohon shehi mai suna Shilabhadra. Sai a shekarar 645 ya dawo Chang'an, bayan shekara 16, ɗauke da littattafai 657 a bayan dawaki. Wanda ya tashi a gidan da ake ba da labarin kakannin da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, suka yi shekaru kafin a sake jin ɗuriyarsu, zai gane nauyin irin wannan tafiya ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai abu guda a labarin da ya fi tsaya mini a rai. A hanyarsa ta dawowa, wajen haye kogin Indus, iska ta kaɗa jirgin da ke ɗauke da kayansa, littattafai kusan 50 suka faɗa ruwa. Sai da ya dakata ya aika a sake kwafo masa abin da za a iya samu. Mutumin da ya ga wahalar shekaru tana nutsewa a gaban idonsa, ba abin mamaki ba ne idan ya dawo gida tsoron asara ya hana shi sakat. Gine ginen garin na katako ne, gobara kuma ba ta sallama. Don haka ya roƙi sarki Gaozong, wato yariman nan da ya gina gidan ibadar wanda a lokacin ya riga ya hau gado, a gina hasumiyar dutse da za a adana littattafan. Sarki ya ga aikin dutse zai yi tsada ya kuma ɗauki lokaci, ya ce a yi da bulo. Aka fara a shekarar 652, kuma almajiransa da suka rubuta tarihinsa sun ce shi da kansa ya riƙa ɗaukar bulo a kwando tare da leburori. Na tsaya na lissafa shekarar da kalandarmu, na ga ta yi daidai da wajen shekara ta 31 bayan Hijira, zamanin halifancin Sayyidina Usman, lokacin da ake aikin tattara Alƙur'ani a mus'hafi guda. Littattafan tarihin daular Tang ma sun rubuta cewa a 651, shekara guda kafin a sa harsashin hasumiyar, jakadun Larabawa sun iso wannan gari.

Sunan dinya kuwa daga wata tatsuniya ta Indiya ya fito, wadda Xuanzang ya ji a can ya rubuta. Wai wasu masu zuhudu ne suka rasa abinci, garken dinya yana wucewa a sama, sai ɗaya ta faɗo matacciya a gabansu, suka ɗauki abin a matsayin gargaɗi, suka daina cin nama, suka binne ta suka yi gini a kanta.

Ginin da ake gani yau ya sha gyara. Na farko hawa biyar ne, cikinsa ƙasa ce da aka daddaɓe aka lulluɓe da bulo, bai yi shekara 50 ba ya fara lalacewa, sai sarauniya Wu Zetian ta sa aka sake shi a farkon shekarun 700. Girgizar ƙasar 1556, wadda littattafan Sinawa suka ce ta hallaka mutane sama da dubu 800 a wannan yanki, ta taɓa hasumiyar amma ba ta kayar da ita ba, daga baya a zamanin daular Ming aka ƙara mata rigar bulo ta waje. Ɗan ƙanwata ya ja ni baya kaɗan ya ce in duba da kyau, sai na lura ta ɗan karkata wajen yamma. A ƙarni na 20 mutanen gari sun yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse har ƙasa ta fara zaunawa, karkatar ta kai kusan mita ɗaya a shekarun 1990, sai da hukuma ta rufe rijiyoyin da ke kewaye kafin abin ya tsaya. A gefe biyu na ƙofar kudu akwai alluna biyu na dutse da aka kafa a 653, ɗauke da gabatarwar da sarki Taizong da ɗansa Gaozong suka yi wa fassarorin Xuanzang, da rubutun hannun wani babban waziri kuma gwanin alƙalami mai suna Chu Suiliang. Ban iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara yana gane hannun da ya nuna. Layukan siriri ne, ba su rawa, kuma akwai wani dattijo a gefena da yake bin su da yatsa a iska yana kwaikwayo.

Hawa hasumiyar tikiti ne daban. Matakalar katako ce mai juyawa, tana ƙara tsukewa yayin da ake sama, har a hawa na biyar sai mai saukowa ya jingina da bango kafin mai hawa ya wuce. A kowane hawa akwai ƙofofi huɗu masu baka, ɗaya a kowace fuska, kuma kafin ka isa bakin kowace ƙofa sai ka bi wani ɗan lungu a cikin kaurin bangon, a nan ne mutum yake gane yawan bulon da aka zuba. A ɗaya daga cikin benayen aka ajiye samfurin irin littattafan da ake rubutawa a Indiya a wancan zamani, cikin akwatin gilashi: ganyen wata bishiya ce dangin giginya, an yanka shi dogo siriri kamar tsawon kamu ɗaya, an yi rubutu a kwance, an huda shi don a zura zare a ɗaure tsakanin katako biyu. Na daɗe a gabansa. Ya yi kama da yadda muke haɗa warƙoƙi tsakanin tadarishi biyu mu ɗaure da tsirkiya, kuma kallo ɗaya za ka yi masa ka san ruwa ko wuta ba za su bar shi ba.

Ban da wannan samfuri da 'yan kayan tarihi, benayen wayam suke. Littattafai 657 da aka yi ginin dominsu ba su nan. Na faɗa wa yaron cewa abin ya sosa mini rai, sai ya ce: “Kawu, ai ba su ɓata duka ba, an juya su.” Gaskiya ya faɗa. Xuanzang ya shafe shekara 19 na ƙarshen rayuwarsa yana fassara, wani ɓangare mai yawa a wannan gidan ibada, kuma ba shi kaɗai yake aikin ba. Shi yake riƙe da littafin yana faɗin ma'ana da baki, wani yana rubutawa, wasu suna gwada ma'anar da asali, wasu suna gyara Sinancin, kamar dai yadda malami a zaure yake jan baƙi yana fassarawa almajirai suna ɗauka, sai dai nasu da kuɗin sarki ake yi kuma komai a rubuce. Kafin rasuwarsa a 664 sun fitar da littattafai 75 cikin naɗi 1,335. Makarantar Nalanda da ya yi karatu a cikinta an rusa ta wajen ƙarshen ƙarni na 12, kuma akwai littattafan da asalinsu na Sanskrit ya salwanta a Indiya kanta, yau sai a fassararsa ake samunsu cikakku. Haka kuma bayanin ƙasashen da ya ratsa, wanda ya shifta aka rubuta wa sarki a 646, shi masu binciken kufai irin su Alexander Cunningham suka riƙe a ƙarni na 19 suna gano wuraren da ƙasa ta binne. Bulo ya tsare ginin, amma masu kwafa da masu fassara ne suka tsare abin da ke cikinsa.

Daga hawa na bakwai, ta ƙofar arewa, titi ya miƙe ɗoɗar har ganuwar tsohon gari, ta kudu kuma an ce ana hango duwatsun Qinling idan gari ya washe, amma ranar hazo ya rufe su. A zamanin Tang waɗanda suka ci babbar jarrabawar shiga aikin sarki nan suke zuwa su rubuta sunayensu a bango, kuma a shekarar 752 mawaƙi Du Fu da abokansa sun hau suka yi waƙoƙi a kan abin da suka hango. Iska mai sanyi ta sa ba mu daɗe ba.

Muka fito muka nufi yamma da ƙafa, muka tsaya a wani ɗan gidan abinci mai koren allo da rubutun Larabci, na Musulmin Sin da ake kira Hui, muka ci taliyar da ake ja da hannu da romon naman sa, na yi Azahar a wani lungu da mai gidan ya shimfiɗa mini kwali. Unguwar ta jami'o'i ce, kuma yaron ya ce akwai shagon da yake sayen tsofaffin littattafan darasi da araha, ko zan so in leƙa. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba daga hasumiyar. Shagon yana cikin wani lungu a ƙasan tsohon bene, tsakanin mai gyaran keke da mai sayar da 'ya'yan itace, ƙofarsa labulen roba ne mai kauri na tare sanyi. Muna ɗaga labulen warin tsohuwar takarda ya tarye ni, irin wanda na sani a rumfunan 'yan littattafai na Kasuwar Kurmi, sai dai nan ya gauraya da ƙamshin shayi.

Faɗin shagon bai fi taku huɗu ba, amma yana da zurfi, kantoci har rufi, ga wasu littattafan an ɗaure su da igiyar leda an jibge a ƙasa, hanyar wucewa ta mutum ɗaya ce. Mai shagon dattijo ne da ya haura 60, da rigar sanyi mai auduga da hannun riga na yadi da ya zura don kare ƙura, yana zaune kusa da na'urar ɗumama ɗaki da kwalbar shayinsa, yana goge bangon wani littafi da tsumma. Yaron ya gaishe shi da “laoban”, wato mai gida, yadda ake kiran duk mai shago a can. A bakin ƙofa na ga sikeli, na sa aka tambaye shi amfaninsa. Ya ce yawancin kayansa daga hannun 'yan bola jari yake sayensu, da awo, kafin su kai wa masu narka takarda. Idan tsohon malamin jami'a ya mutu, 'ya'yansa suna son su sayar da gidan, sai su kira mai kura ya kwashe ɗakin karatun gaba ɗaya, shi kuma yakan fita da asuba ya tare su ya zaɓi abin da zai zaɓa. Ya ce yanzu masu shigowa shagon sun ragu, cinikinsa ya koma intanet, ya nuna mini tarin ƙunshin da zai aika wasu garuruwa a ranar. Da yaron ya juya mini wannan magana sai soron gidanmu ya faɗo mini a rai, na yi shiru na ɗan lokaci.

Gaban shagon littattafan jarrabawa ne da ƙamus ƙamus, waɗanda su ne abincin mai shagon. Can ciki ne kayan marmari suke. Ya nuna mini ƙananan littattafan hoto masu girman tafin hannu, waɗanda yaran Sin suka tashi da su kafin talabijin ta yawaita, a cikinsu har da labarin biri mai sanda da ya raka wani malami zuwa yamma neman littattafai, wanda tatsuniya ce da aka gina a kan tafiyar Xuanzang ɗin nan. Akwai littattafai masu jan bangon roba na zamanin Mao, da waɗanda ke ɗauke da hatimin ɗakunan karatu na masana'antun da aka rufe. A cikin wani kabad mai gilashi ya ajiye 'yan littattafan dā masu ɗinkin zare, takardarsu laushi kamar auduga, an buga su da allon katako a fuska ɗaya an naɗe. Ya ce irin waɗannan sun yi ƙaranci, domin a shekarun juyin al'adu, daga 1966 zuwa 1976, mutane da yawa da hannunsu suka ƙona na gidajensu don tsoron abin da zai biyo baya idan aka same su da su.

Da ya ga hulata, sai ya tambayi yaron ko ni Musulmi ne. Ya tashi ya shiga can ƙurya, ya daɗe yana motsa kwalaye, ya dawo da wani ɗan littafi siriri marar bango, takardarsa ta yi ja, gefensa ya lanƙwashe. Ya ce a cikin wani buhu ya same shi tun shekarun baya, ya san dai rubutun Musulmi ne, amma bai san abin da ke ciki ba, kuma babu wanda ya taɓa tambaya. Na karɓa da hannu biyu. Rubutun hannu ne aka buga da injin kwafi na dā, da alƙalami mai kauri, fa da ɗigonta a sama, ƙaf da ɗigo biyu, saɓanin warshun da muka koya a allo. Layin farko Bisimilla ce, sai babin tsarki. Ƙaramin littafin fiƙihu ne na masu farawa. Na karanta Larabcin ba wahala, har na iso inda aka ce farillan alwala huɗu ne, alhali mu bakwai muka haddace, sai na tuna Musulmin Sin mazhabar Abu Hanifa suke bi.

Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙananan layukan da ke ƙarƙashin kowane layin Larabci. Haruffan na Larabci ne, da wasali cikakke, har da wasu baƙaƙe masu ɗigo uku irin na Farisa, amma kalmomin ba Larabci ba ne. Na gane nan take cewa ajami nake kallo. Sinanci ne aka rubuta da haruffan Alƙur'ani, abin da suke kira xiao'erjing, wanda almajiran masallatai a arewa maso yammacin ƙasar suka daɗe suna fassara darasi da shi. Wannan tsarin karatu na masallaci ma a lardin nan na Shaanxi ya kafu, a hannun wani malami mai suna Hu Dengzhou a ƙarni na 16. Na sa yatsa a ƙarƙashin kalmar Larabci ta ruwa, na bi baƙaƙen da ke ƙasanta, shin mai rufu'a da wau, na furta a hankali: “Shui.” Mai shagon ya ɗago kai da sauri. Ya ɗaga kwalbar shayinsa ya girgiza ta, ya maimaita kalmar da irin karin muryarsu, yana nuna abin da ke ciki. Na ci gaba da karanta layin, ban san me nake faɗa ba, shi kuma yana tsintar kalma ɗaya ɗaya, hannu, fuska, wankewa, yana faɗa wa yaron, yaron yana mayar mini da Hausa. Shekaru littafin yana ƙuryar shagonsa da harshen uwarsa a ciki, sai ranar ya fara jin abin da yake cewa, daga bakin wanda bai iya gaisuwa da Sinanci ba. Ya jawo mini kujerarsa, ya zuba mini shayi a kofin takarda, muka yi shafi biyu a haka mu uku.

Da na tambayi kuɗinsa sai ya ce in ɗauka kyauta. Na ƙi, domin na ga da abin da yake ci. Muka yi ta ja, a ƙarshe ya karɓi yuan 20, yaron ya biya ta waya kamar yadda ake biyan komai a can, ni kuma na ba yaron takardar kuɗin. Dattijon ya naɗe littafin da tsohuwar jarida ninki biyu, ya sa a leda, ya ce in kiyaye shi daga laima.

Magariba a Babban Masallacin garin muka yi ta, cikin unguwar Musulmi da ke bayan hasumiyar ganga, masallacin da gininsa na yanzu ya samo asali daga zamanin daular Ming, da rufin tayil mai lanƙwasa da farfajiya bayan farfajiya, wanda in ba don rubutun Larabci da alƙibla ba za ka ce gidan ibadar da muka baro da safe ne. Bayan an sallame na ga wani tsoho mai farar hula da farin gemu siriri yana zaune a kan dakali yana sa takalmi. Na yi masa sallama ya amsa, na kwance jaridar na miƙa masa littafin. Ya sa tabarau, ya matsa ƙarƙashin fitila, ya fara karanta ƙananan layukan da sauri ba tare da tuntuɓe ba, yana gyaɗa kai. Ya gaya wa yaron cewa da irinsa aka koya masa alwala yana ƙarami, kuma jikokinsa babu mai iya karanta shi. Ya juya zuwa shafin ƙarshe, inda wani ya yi rubutu da fensir a gefe, wanda ni ban ma lura da shi ba a shago. Ya ce mai littafin ne ya rubuta cewa ya kammala karanta shi a gaban malaminsa a watan Sha'aban, yana roƙon duk wanda littafin ya faɗa hannunsa ya yi masa addu'a. Tsohon ya ɗaga hannuwansa, ni da ɗan ƙanwata muka ɗaga namu, muka karanta masa Fatiha a nan bakin dakalin, sannan na mayar da littafin cikin jaridarsa na sa shi a aljihun ciki na rigar sanyina.